“To” ɗin da na mayar “yes”

Shekarun baya, lokacin ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, akwai wani ɗan dako da ke sauke mana buhuna. Babban mutum ne, ya haura talatin, ga ƙarfi, amma wayonsa bai wuce na ɗan shekara bakwai ba. Ba mahaukaci ba ne. Yana sallah, yana gaishe da mutane. Sai dai kusan duk abin da ka faɗa masa amsarsa ɗaya ce: “To.” Ɗauki buhu, to. Gobe za mu aura maka ’yar gwamna, to. Idan ya kawo mana kaya gida a unguwar Agege mahaifiyata takan zuba masa tuwo, bawan Allah take kiransa.

Wata rana da hantsi wani abokin dakonsa ya fizge masa gammo yana ta tsokanarsa, mutane na dariya. Sai bawan Allah ya ɗauki katakon da ake tokare tayar mota ya maka wa mai tsokanar a ƙeya. Bugu ɗaya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

A ofishin ’yan sanda babu mai jin Hausa. Ni kuwa haifaffen Agege, ga Yarbanci, ga Turancin da nake ji da shi, sai na cusa kai na ce zan yi tafinta. Karambanin akuya, gai da kura.

Ɗan sandan ya ce, “Ask am if na him hit the man.”

Na tambaye shi. Ya ce, “Ni ne, oga. Gammona ya ɗauke.”

“Ask am if he plan to kill am.”

Na ce, “Dama ka yi niyyar kashe shi?”

Ya dube ni ya ce, “To.”

Na juya na ce, “He say yes.” Aka rubuta, ya dangwala yatsa, na sa hannu.

Da na koma gida ina ba mahaifiyata labari har da ɗan alfahari, sai ta ajiye muciya. “Shi me ya ce da bakinsa?” Na ce “to” ya ce. Ta yi salati. “Kai ɗan nan, tun yaushe ‘to’ ta zama ‘e’? Ai ‘na ji ka’ kawai yake nufi!”

A kotu likitoci biyu suka saɓa. Ɗaya ya ce ƙwaƙwalwar yaro ce a jikin babba. Ɗayan ya ce mutumin da ya san lokacin sallah, ya san rumfar da zai kai kowane buhu, ya san abin da yake yi, basarwa kawai yake. Da magana ta tsaya a tsakiya sai aka ɗauko takardar nan da na sa wa hannu. Na shiga akwatin shaida na yi bayani cewa “to” ya ce, ba “yes” ba, lauyan gwamnati ya ce, “Ka sa hannu ko ba ka sa ba? To yaushe ka yi ƙarya, ran nan ko yau?” Turancin nan duk ya gudu ya bar ni.

Aka yanke masa hukuncin rataya. Tafintan kotu ya faɗa masa da babbar Hausa. Shi kuwa ya waiwayo yana nemana ya ce, “Oga, an tashi? Motar tumatir ta iso?”

Shekara tara na yi cikin tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Duk lokacin da lauyansa ya kira ni sai na bar wayar ta yi ta ƙara kafin in iya ɗauka. Da an fara raɗe-raɗin za a sa hannu a takardun masu jiran kisa sai na kwana ina sauraren labarai a rediyo. Igiyar ɗaure buhu ma na daina son taɓawa. Wanda ya mutu yana da ’ya’ya, haƙƙinsu ban raina ba. Amma idan aka rataye wannan, da me zan amsa wa Allah? Mukan kai masa ziyara, ba wanda ya taɓa yi masa zancen hukuncin.

Muka yi ta kai takardun rantsuwa da neman afuwa, har Allah ya sa aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Na tafi gidan yari da gudu-gudu na ce masa, “Albishirinka! Ba za a kashe ka ba!”

Murmushinsa ya ɗauke. Ya riƙe ƙarfen da ke tsakaninmu. “Oga, dama kashe ni za a yi?”

Yana nan da rai, ya fara furfura. Ni kuma tun daga nan, in aka ce wa ke jin Turanci a nan, sai in sunkuyar da kai. Har yau in na je gidan yarin, kafin mu gaisa sai ya leƙa bayana ya tambaye ni ko ni kaɗai na zo, ko da masu kisan nake tafe.