Igiyar da Injiniya Bara'u Ya Ɗaura wa Alƙalami

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, Allah Ya karɓi ran Injiniya Bara'u Abdulsalam a garin Salford, kusa da Manchester, bayan ciwon zuciya da bai ba shi dogon lokaci ba. Ina tsaye ina jiran bas a Stratford Road saƙon ya iske ni. Bas ta zo ta wuce ban sani ba.

Injiniya, mutane da yawa sun ɗauka manhajar da ka haɗa wa makarantarmu ta Asabar a unguwar Sparkbrook tana yi wa yara rubutu ne, wato dabarar malalata. Ni ma da nake koyar da ajin, haka na zata da farko, har na faɗa maka. Ka yi dariya, ka ce in tuna akuya a igiya. Alƙalami yana gaba a kan gilashin tablet, wato kwamfutar hannu mai kamar allo, layin tawada yana biye da shi kamar an ɗaure. In hannu ya yi rawa, igiyar ce ke shanye rawar, layi ya fito sumul. Amma in ta yi tsawo da yawa, layi ya makara, kuma rubutun kowa ya koma iri ɗaya. Wannan ne ba ka so.

Saboda Safia ka yi ta. Safia 'yar Hajiya Adiza ce, mutanen Kumasi, yarinya mai kaifin kai da aka haifa da rawar hannu. Ta haddace surori fiye da sa'o'inta, amma in aka ce a rubuta, sai ta cusa hannayenta cikin aljihun riga ta kafe. Ka gan ta sau ɗaya, ran da ka zo ziyara. Daga nan ka riƙa hawo jirgin ƙasa daga Manchester, cikin ruwa da sanyi, ka zauna a ƙaramar kujerar yara, gwiwoyinka kusan a haɓa.

Ran da ta fara rubuta sunanta ya karantu, ta dube ka da zargi.

"Kawu, ba ni na rubuta ba. Na'urarka ce."

"Hajiya Safia, in na'urata ce, da ta fi haka kyau. Dubi yadda ya karkace!"

Ta yi dariya har ta kwanta a kan tebur. Ban taɓa jin dariyarta ba kafin ranar.

Bayan haka ka riƙa rage igiyar kaɗan-kaɗan, kuma ba ka taɓa ragewa a ɓoye ba. Sai ka tambaye ta, ta yi ciniki da kai kamar a kasuwa, sannan ta yarda. Ka ce mini burinka ba layi mai kyau ba ne, so kake ta daina jin kunyar hannunta.

Ba ku kai ƙarshe ba. Tun rasuwarka Safia ba ta taɓa alƙalamin ba. Mahaifiyarta ta ce yarinyar ta sa tablet ɗin a ƙarƙashin kaya, tana cewa wanda ba ya kallon hannunta da tausayi ya tafi. Kuma gaskiya ta faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane harafi da yaran nan suka rubuta ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Murja da 'ya'yanku Umair da Khairat, da dukkan dangi a nan da gida. Allah Ya ba ku haƙuri.

Gare ku iyaye kuma, ina da roƙo. Ku zo aji ranar Asabar. Kowa ya ɗauki alƙalamin da hannun da bai saba rubutu da shi ba, ya rubuta sunansa a gaban yara, ya ji yadda layi ke kufce masa. Hajiya Adiza ta ce za ta kawo Safia, ko da kallo kawai za ta yi. Ni zan fara.