Motar da Aka Sallami Maigidana da Ita

Ba a daɗe da ba mu jiha ba kamfanin da maigidana ke yi wa tuƙi ya durƙushe. Babban kamfani ne, yana da masaƙa a Kaduna, da injin gurzar auduga, da wurin matsar man gyaɗa, da manyan motoci birjik. Aikin maigidana shi ne kwaso musu auduga daga ƙauyukan Maiyama da Jega. Ni kuwa ina gida a Jega da 'ya'yanmu huɗu.

Wata uku yana zaune babu aiki. Mutumin da bai saba kwana biyu a jere a gida ba, sai ga shi yana gyaran dangar da ba ta lalace ba. Daga baya aka kira direbobi Kaduna. Ashe bankuna sun karɓe kamfanin sun ba wasu sababbin mutane. Su kuma suka riƙe masaƙa da injin auduga, suka sayar da wurin man gyaɗa, suka rufe sashen motoci.

Ranar wata Laraba da la'asar na ji ƙugin mota a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga maigidana da tsohuwar roka ta ɗaukar kaya, tayoyinta sun suɗe, ƙofa ɗaya an ɗaure ta da waya.

Na ce, "Malam, wagga hwa?"

Ya ce, "Ita ce sallamata. Cewa sunka yi ko in jira kuɗɗi, ko in ɗauki mota. Ni ko ban ga ranar zuwan kuɗɗin ba."

Na koma madafa na yi kukana, don a ganina ya musanya wahalar shekarunsa da tarin ƙarafa. Amma da na fito na iske shi kwance a ƙarƙashinta yana ƙwanƙwasa nan da can, fuskarsa a sake. Rabon da in gan shi haka tun kafin a dakatar da su.

Ina da bijimai biyu na gadon mahaifina a wurin yayana a Jandutsi. Na aika ya kawo su kasuwar Jega aka sayar, muka sayi tayoyi da batir. Maigidana ya so ya hana, na ce masa motar ai tamu ce mu duka.

Kawuna dillalin albasa ne a Aliero, shi ya ba shi lodin farko zuwa kudu. Motar ta mutu a kusa da Kontagora, ya kwana biyu a bakin hanya, buhunan albasar da ke ƙasa suka fara ruɓewa. Kawu bai yi faɗa ba, ya ce kowace sana'a da irin kuɗin makarantarta, ya sake ba shi lodi. Tafiya ta biyu ya je ya dawo lafiya. Kafin albasar shekarar ta ƙare ya ɗauki wani tsohon abokin aikinsa suna karɓa-karɓar tuƙi.

Da kakar auduga ta zagayo, sababbin masu kamfanin suka rasa motar ɗauko kaya, suka aiko nemansa. Ya je ya dawo yana murmushi.

Na ce, "Sun maishe ka aiki?"

Ya ce, "A'a, hayar motata sunka so. Har kujera manaja ya jawo mani, anka kawo shayi."

Washegari ya kama hanyar Maiyama, na ƙulla masa dambun nama a leda.