Shingen da Ke Tsakanina da Alhaji Aƙilu

Mu na Allah ne, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, goma ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina a Nassarawa GRA, Alhaji Aƙilu. Ban samu jana'iza ba saboda ciwon ƙafa. Daga bakin masu zuwa gaisuwa ma na ji.

Alhaji, ka tuna ƙasar da ke tsakanin gidajenmu, fara fat saboda kanwa. Mangwaro ya mutu, gwaiba ta mutu. Na ce mu ja katanga kawai. Ka ƙi. Da ka je wajen Gashuwa ka dawo da wani ɗan itace mai ƙananan furanni ruwan hoda, ka ce dangin shuwaka ne, gishirin ƙasa ba ya kashe shi.

"Irinka ne, Malam," in ji ka. "Ga ɗaci, ga taurin rai."

Shi ya yaɗu ya zama shinge, ya zama iyakarmu. Ka bar ƙofa a tsakiya, daidai wucewar mutum ɗaya. Bayan rasuwar mai ɗakina, ta nan kake ratsowa kullum da safe da kwanon kunu, wai ka zo duba shuka. Shukar da ba ta neman kowa! Ni kake dubawa. Ta nan ka tarar da ni a ƙasa bara, ka kai ni asibiti.

Yanzu ga abin da nake gani. Ranar addu'ar uku, ɗanka Nura ya zo da wasu mutane biyu, suna awo a gindin shingen. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, ɗan gyara ne kawai." Bai dubi idona ba. Shekaranjiya an sauke bulo da yashi. Mai gyaran shuka ba ya sayen bulo. Wataƙila zargi ne irin na tsufa, Allah Ya sa haka.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hafsatu da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba su haƙuri.

Nura, gida naku ne. In katangar ta zama dole, ka bar mini gindi ɗaya da ƙofar nan. Har yau, in gari ya waye, can nake juya kujerata.