Ranar da Eulogia Ta Ambaci Sunan Kompadrenta

Eulogia Tecú mai sayar da wainar masara ce a bakin kasuwar garin Rabinal, kuma ba a taɓa jin ta saɓa wa al'ada ba. A ƙauyensu, wanda ya riƙe wa mace jaririnta ranar baftisma ya zama kompadrenta, shi kuma yana kiran ta komadre. Girmansa ya wuce na ɗan'uwa na jini, kuma kai ƙararsa abin kunya ne da ake cewa yana bin yaron har tsufansa.

Kompadren Eulogia shi ne dattijo Bonifacio, wanda ya shugabanci 'yan sintirin ƙauyen a shekarun yaƙi. Shi ya nuna wa sojoji mijinta, Marcelino, cikin mazan da aka tara a harabar coci, suka tafi da shi. A kan idonta aka yi. Duk da haka ta ci gaba da sunkuyar masa da kai a hanya har furfura ta rufe ta.

Da aka tono wani rami a bayan gari aka sami ƙasusuwan Marcelino, sai kotu ta nemi shaidu. Bonifacio ya zo gidanta da kwandon burodi.

"Komadre, mun tsufa," in ji shi. "Ke za ki kai ni gaban hukuma? Ko karnukan gari sai sun yi miki dariya."

"Zauna ka sha kofi, kompadre. Haƙoranka ne suka tsufa. Idona lafiyarsa ƙalau."

Ɗanta Rufino, wanda Bonifacion ya riƙe ranar baftisma, ya roƙe ta ta haƙura, domin maƙwabta sun fara ƙin amsa gaisuwarsa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ya nemo musu mota zuwa birni.

A kotu, kafin ta zauna, ta juya wajen Bonifacio, wanda ake tuhuma, ta rusuna, ta gaishe shi da harshensu na Achi, ta tambayi iyalinsa da gonarsa. Lauyansa ya yi murmushi, yana zaton ta janye.

Alƙali ya tambaye ta wanda ya nuna mijinta.

"Na gaishe shi domin haƙƙinsa ne, ban rage masa komai ba," ta ce. "Kompadrena Bonifacio ne ya nuna Marcelino."

Tafinta, wani saurayi mai kunya, ya mayar da maganar cikin Sifaniyanci ƙasa-ƙasa. Eulogia ta dafa hannunsa.

"Maimaita da ƙarfi, ɗana. Kompadre ba ya ji sosai."