Shekarar da Mama Ta Ari Gonarmu

Daminar da ramin kuza ya rufta wa maigidana a Riruwai, masararmu ta fara tasowa ke nan, ciyawa kuma ta taso mata da gudu. Aka ɗaure masa ƙafa, ya zauna a kan tabarma yana hararar duniya. Yaranmu ƙanana ne. In gonar nan ta lalace, babu abin da za mu sa a baki har baɗi.

Cocinmu ɗan ƙarami ne, ran Lahadi benci ma ragowa yake yi. Amma muna da Mama, wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya ta zo aikin bishara na sa kai, ba albashi, ba ko keke. Gida-gida take bi da tsohuwar lemarta, ta yi wa mai jego wanki, ta zauna da mara lafiya.

Ita ce ta kawo shawarar a yi mana gayya. Maigidana ya ce sam. A wurinmu mai gayya ne ke ciyar da waɗanda suka zo masa aiki, kunu da safe, tuwo da rana, mu kuwa ko na kunun ba mu da shi. Ya ce ba za a yi masa noma a tashi da yunwa ba, har a riƙa ba da labarinsa. Na yi kuka, na yi masifa. Mutumin nan taurin kansa ya fi na fartanya.

Mama ba ta yi masa wa'azi ba. Washegari ta dawo, ta gaishe shi da jiki, ta ce, “Ɗana, roƙo na zo yi. Ka ba ni aron gonar nan bana, tunda ba za ka iya nomanta ba. Ni baƙuwa ce, ba ni da ko kunya ɗaya.”

Wa zai hana tsohuwa aron gona? Ya ba ta.

Ranar Asabar ta kira gayyarta. 'Yan coci suka fito, maƙwabtanmu Musulmi ma suka zo da fartanyunsu, har da malamin makarantar allon unguwarmu. Ta ciyar da kowa daga ɗan fanshonta, ina taya ta tuƙa tuwo ina share hawaye da bakin zane.

Da kaka ta yi, sai Mama ta ce ba ta da rumbu, a ara mata namu ta zuba masarar. Daga baya kuma ta ce hayaƙi yana damun idonta, in riƙa ɗiba ina girka mata, ta ci tare da mu. Kullum da rana za ta zo, ta yi loma kaɗan, ta ture kwanon gaban yara. Ban taɓa son wani mutum kamar yadda na so matar nan a shekarar nan ba.

Wata rana, lokacin ya fara dogara sanda, maigidana ya dube ta ya ce, “Mama, wayon nan fa na gane shi tun ranar da kika zo aron gona.”

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “To ka ci gaba da yin kamar ba ka gane ba, ɗana. Yara suna cin abinci.”