Zaren Rigar Hamidu

Shekara tara ke nan Balkisa, mutuniyar Tasawa, tana dafa wa magina abincin rana a unguwar Sukra, a wani birnin sahara da 'yan ci-rani ke yada zango. Wata-wata suke biya, kowa da kwanonsa, shinkafa da wake ko tuwo. Mai son ƙari kuwa, zare take ɗaura masa a hannun kwano: ja na yaji da soyayyar albasa, kore na shayi, fari na fura. Idan mutum ya yi gaba zuwa arewa, sai ta kwance zarensa ta ɗaura wa sabon zuwa.

"Zarena uku ne," take cewa. "Mai neman na huɗu ya nemo mata ya aura."

Rannan Hamidu, wanda ke aiki a gonakin Wadi Bawanis, ya zo da dabino cike da hula. Ya tsinko shuɗin zare daga hannun rigarsa ya miƙa mata.

"Inna, a dama mini fura da dabinon nan, ga zarenta."

Ta harare shi, ta yi mita har ta gaji, sannan ta dama. Da ta ɗanɗana sai ta ƙara shan ludayi biyu.

Kafin Juma'a mutum goma sha ɗaya sun nemi shuɗi. Balkisa ta rantse ba za ta sayi zare a kasuwa ba, wai launin ba zai zo ɗaya ba. Duk wanda ya nema, sai ta aika a kira Hamidu.

Yau kwano talatin ke fita da shuɗin zare. Rigar Hamidu kuwa, hannu ɗaya ya rage mata.