Miyar Taushen da Ta Rage a Firizar Ofis

Iyalina suna Ƙanƙara, aikina yana Faskari, saboda haka Litinin nake tafiya, sai Juma'a in dawo. Ni kuwa mutum ne mai tsirfa a kan abinci. Shinkafar masu tebur ba ta karɓe ni ba, ina ci cikina zai fara ƙugi. Matata ta gaji da mitata, ta ce wanda bai iya dafa ko ruwan zafi ba bai kamata ya cika iyayi ba. Duk da haka kowace Lahadi sai ta yi miya tukunya guda, ta rarraba a ƙananan robobi, ta ɗaure murfin kowace da yankin tsohon zane saboda gargadar hanya. Tuwo kuwa a bakin tasha nake saya.

A ofishinmu akwai firiza mai aiki da sola, da ɗan ƙaramin gas a bayan kabad ɗin fayiloli. Hajiya, wadda ta girme mu duka a aiki da shekaru, ita ke da iko da firizar, ita ta raba wa kowa kusurwarsa. Ana idar da azahar sai ofis ya game da ƙamshin daddawa, kowa na jiran layin tukunya. In ka zauna ci, dole ka ɗaga kai ka ce bismillah, sauran su ce a ci lafiya, shi ke nan. Ba wanda ke matsowa, don kowa ya san cin mutum ɗaya ne a gabanka.

Matata ta rasu a tsakiyar mako, ciwon da bai kai ya kawo ba. Da na koma aiki bayan an share makoki, na buɗe firiza don in sa ruwa, sai ga roba ɗaya a kusurwata. Miyar taushe ce, ƙullinta yana nan yadda ta yi shi. Na mayar da murfin firizar na rufe. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba, kuma haka na zauna har watanni. Kullum da safe in buɗe, in ga tana nan, in je in zauna a teburina. Da rana in sayi shinkafar da nake zagi, in cinye, cikina kuma bai ce uffan ba.

Da damina ta yi nisa, hadari ya riƙa rufe rana, batirin sola ya yi sanyi. Ƙanƙarar firiza ta fara narkewa. Hajiya ta same ni a tebur, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, miyar nan hwa ta hwara sakin jiki. Ko dai ka ci yau, ko gobe ka zubas da hannunka."

Na so in yi mata tsawa, sai na ga ko ƙarfin fushin ba ni da shi. Na jira kowa ya gama nasa, na sayo malmala biyu, na kunna gas. Ƙullin ya ƙi kwancewa, ni kuma na ƙi yankawa, na yi ta fama da shi da farce. Na juye miyar a tukunya, na tsaya a kanta ina juyawa har ta tafasa.

Na zauna ke nan sai ga sabon abokin aikinmu, wanda aka sauyo daga Sabuwa a makon, ya shigo jiƙe da ruwan sama. Bai san labarina ba. Bakina ya riga ni, na ce masa bismillah.

"Wallahi kamar ka sani, tun sahe ban sa komi a cikina ba," in ji shi, yana neman buta.

Hajiya ta yi gyaran murya, ta harare shi, bai lura ba. Bismillah kuwa ba a janye ta. Ya wanke hannu, ya jawo kujera, muka sa hannu a kwano ɗaya. Mutum ne mai ci da gaskiya, ba ya wasa da loma. Ni na ɗiba kamar sau uku, ina jiran in ji ɗanɗanon hannunta, in ji wani abu ya motsa mini. Zafi kawai na ji a harshe. Ina kallo ya suɗe kwanon, har ya leƙa tukunya ya kankare gefenta.

"Kai, madalla! Wagga miya ta gida ce. Uwargida ta yi?"

Na ce ita ce.

"Allah ya yi mata albarka. In ka tahi gida ka gaishe min da ita."

Hajiya ta tashi ta fita. Ni kuma na ninke yankin zanen na sa a aljihu, na ce masa, "Za ta ji."